Kujerar da Abayomi ya bari: zaɓen cike gurbin Legas na 1941

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya da daddare wata tsohuwar ɗalibata, wadda yanzu take jami'a, ta turo mini tambaya. Malaminsu ya ce musu ƙabilanci ya shigo siyasar Najeriya ne ta ƙofar zaɓen cike gurbi da aka yi a Legas a 1941. Na kwana ina juya maganar, ban gamsu ba, shi ya sa na kawo ta nan. Ita ma tana cikin zauren, za ta kare malaminta in ta so.

Ga yadda abin ya faru. Tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya kafa Majalisar Dokoki mai mutum 46. Daga ciki 27 ma'aikatan gwamnati ne har da gwamnan kansa, 15 naɗa su ake yi, huɗu kacal ake zaɓa: uku daga Legas, ɗaya daga Kalaba. Jam'iyyar Herbert Macaulay, NNDP, ita ta riƙe kujerun Legas a zaɓukan 1923 da 1928 da 1933. A 1938 sai ƙungiyar matasa ta NYM ta kwashe duka ukun. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci shi ne Dokta Kofo Abayomi, wanda kuma shi ne shugaban ƙungiyar.

Abayomi ya ajiye kujerarsa ya tafi Ingila ƙaro ilimin likitancin ido. Gurbi ya samu. Mutum biyu daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar da hannunsu suka nuna sha'awa: Ernest Ikoli, ɗan jarida, ɗan ƙabilar Ijaw daga Nembe, da Samuel Akisanya, Bayarabe daga yankin Ijebu Remo. Akwai na uku, Dokta Akinola Maja. Aka yi zaɓen fid da gwani a babban taro: Akisanya 108, Ikoli 60, Maja 37. Kwamitin zartarwa ya zauna ya ce Ikoli ne ɗan takara. Akisanya ya tsaya da ƙafarsa ba jam'iyya, Nnamdi Azikiwe da jaridarsa suka mara masa baya. A watan Maris na 1941 aka kaɗa ƙuri'a, Ikoli ya samu 523, Akisanya 411. Ikoli ya ci kujera, ƙungiyar kuma ba ta sake miƙewa ba.

Abin da nake cewa shi ne: wannan rikicin ɗauki-ɗora ne. Mutane sun zaɓi wanda suke so, manya suka ɗora wani. Ƙabilanci daga baya ya zo ya samu wurin zama.

Sadiya:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ce mai tambayar. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma ban sauka daga kan maganar malaminmu ba tukuna. A duba abin da ya biyo baya mana. Azikiwe ya fice daga NYM, 'yan ƙabilar Ibo suka bi shi kusan gaba ɗaya. Akisanya ya fice, mutanen Ijebu da dama suka bi shi. Abin da ya rage ya zama ƙungiyar Yarbawa a aikace. Idan mutane suka watse kowa ya bi ɗan garinsu, me za a kira wannan in ba ƙabilanci ba?

Malam Habu:
Madalla Sadiya, haka nake son ɗalibi. To amsa mini wannan. Azikiwe Ibo ne, wa ya goya wa baya? Bayarabe. Obafemi Awolowo Bayarabe ne, ba ma Bayarabe kawai ba, ɗan Ikenne ne, wato ɗan Ijebu Remo kamar Akisanya, garuruwansu ba su da nisa da juna. Wa ya goya wa baya? Ikoli, mutumin da ya fito daga can bakin ruwan Neja Delta, daga ƙasar da a lokacin take ƙarƙashin lardunan Gabas. H. O. Davies ma, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, Bayarabe ne, yana bayan Ikoli. Da ƙabilanci ne ya tsara layin, da Azikiwe na wajen Ikoli, Awolowo na wajen Akisanya. Ga shi an samu akasin haka.

Auwal Mai Shago:
Ku gafarce ni, ni ba ɗan boko ba ne sosai. Rikicin mutanen Legas ne, an yi shi shekara tamanin da wani abu. Mu ina ruwanmu? Ko akwai Bahaushe ɗaya a cikin waɗanda suka jefa ƙuri'ar nan?

Kawu Ilu:
Auwal ɗana, tambayarka ita ce ta fi ta kowa nauyi, kada ka ba da haƙuri a kanta. Ruwanmu shi ne ba mu cikin ɗakin sam. Majalisar nan ba ta yi wa Arewa doka. Gwamna ne ke sa hannu a kan dokar Arewa shi kaɗai, ta sauko ta hannun Razdan da Di'o zuwa En'e. Ba wakilin Kano, ba na Sakkwato, ba na Barno da jama'a suka tura. Sai da tsarin mulkin Gwamna Richards ya fara aiki a farkon 1947 sannan 'yan Arewa suka zauna majalisa ɗaya da 'yan Kudu. Ka lissafa: daga 1923 zuwa 1947 mutanen Legas suna koyon yaƙin neman zaɓe, suna koyon kafa jam'iyya, suna koyon faɗa da sulhu, mu kuwa ko akwatin ba mu gani ba. A 1941 ɗin nan Gaskiya Ta Fi Kwabo shekararta biyu kacal da fara fitowa a Zariya. Lokacin da muka iso teburin, mun tarar an riga an ɓata tsakanin Azikiwe da Awolowo, kuma da wannan ɓacin aka yi duk cinikin siyasar da ya kai mu ga 'yancin kai. Ka ga ruwanmu ke nan.

Ɗan Agege:
Kawu ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara abin da na sani daga gida, domin ni a Agege aka haife ni, mahaifina ma a nan aka haife shi. Kakanmu fataken goro ne. Na taso na tarar da wata tsohuwar adakar ƙarfe a ɗakin kakarmu, cikinta takardun jirgin ƙasa ne da na haraji, sun yi ja saboda tsufa, an ɗaure su da zare damƙi-damƙi. Kakarmu kan ba mu labarin yadda ake jera huhunan goro a tashar Agege, an lulluɓe da ganye an ɗaure tam, ana yayyafa ruwa kada ya bushe kafin ya isa Kano. Kuɗin da ke ratsa hannun tsohon nan a shekara ya wuce abin da akawu da yawa ke samu.

Amma sharaɗin jefa ƙuri'a fa? Sai namiji baligi, mai samun fam 100 a shekara, wanda ya zauna shekara guda a cikin birnin. Agege kuwa tana wajen iyakar birnin Legas a wancan lokaci. Ko da ma tana ciki, kakana bai san wannan harka ba. In yana da matsala wurin Sarkin Hausawa yake zuwa. A bakinsu ma ba a cewa Legas, Ikko ake cewa, kuma Ikko wuri ne da ake shiga da safe a fito da yamma. Saboda haka idan na ji ana cewa "mutanen Legas sun zaɓi Ikoli", sai in tuna adakar nan.

Malam Habu:
Allah ya jiƙan kaka. Ka taɓo inda nake son zuwa. A haɗa 523 da 411, mutum 934 ke nan. Ƙidayar 1931 ta ba Legas mutum sama da dubu 126, kuma kafin 1941 an ƙaru. Ƙuri'un da suka raba su 112 ne. Mutum 112 ba su cika masallacin unguwa ba ranar da aka yi ruwa.

Lauya Nura:
Malam Habu, da girmamawa, ina ganin ka yi wa kwamitin zartarwa rashin adalci. Kalmar ɗauki-ɗora tana nufin an taka doka. A nan kuwa kwamitin yana da hurumin duba sakamakon babban taro kafin a tsayar da ɗan takara. Ba su ƙirƙiri ikon a daren ba. Na biyu, Ikoli ne shugaban ƙungiyar a lokacin, shi ya gaji Abayomi, kuma hujjar masu goyon bayansa ita ce shugaba in ya nemi kujera shi ya fi cancanta a ba. Kujerar ma ta shugaban da ya tafi ce. Na uku, Akisanya da farko ya karɓi hukuncin har ya taya Ikoli murna, daga baya ya juya. Na huɗu, aka je gaban masu zaɓe, suka tabbatar da zaɓin kwamiti. To ina zaluncin?

A kuma dubi mutumin da aka tsayar. Ikoli ya yi karatu a King's College, ya koyar a can, shi ne editan farko na Daily Times da aka kafa a 1926. Majalisar da za a shiga cike take da Turawa masu digiri, muhawara da Turanci, takardun kasafin kuɗi jibgi. Kwamitin ya duba wanda zai iya tsayawa gaban Sakataren Gwamnati ya yi magana a saurare shi. Wannan ba laifi ba ne.

Maman Iklima:
Lauya, ka yi mini uzuri in shigo. Ni ban karanta doka ba, amma na ga irin wannan da idona, kuma har yau in na tuna raina yana sosuwa.

Muna da ƙungiyar mata masu sayar da atamfa da leshi a kasuwarmu. Na riƙe ma'aji shekara shida. Shugabarmu ta ajiye muƙami saboda mijinta ya samu canjin wurin aiki. Muka taru a farfajiyar wata makarantar Islamiyya, mata sun fi ɗari, kowa ta rubuta suna a 'yar takarda ta jefa a cikin kwano. Ni na ƙirga da hannuna a gaban kowa. Wata baiwar Allah mai ƙaramin shago, wadda ita ke bin mata gida-gida in an yi rasuwa ko haihuwa, ta ci da rata mai yawa. Bayan kwana uku iyayen ƙungiya suka kira mu suka ce sun duba, wadda ta zo ta biyu ta fi sanin manya, ta fi iya shiga ofis, ita za a ba. Kuma wallahi a takardar ƙungiya akwai layin da ya ba su wannan dama. Ba wanda ya taɓa lura da shi sai ranar.

Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga murya ba. Ranar zubin adashe na buɗe littafi na zauna tun azahar har la'asar sakaliya, mata goma sha ne suka zo. Sauran sun buɗe nasu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bayan wata biyu sai na fara jin ana cewa ai dama 'yan gari ne suka danne baƙi. Alhali ranar da muka jefa takarda a kwanon nan ba wadda ta tambayi garin wata. Saboda haka Lauya, doka tana iya ba ka dama, amma in ka tara mutane ka ce su zaɓa, ka riga ka yi musu alkawari.

Lauya Nura:
Hajiya, na ji, kuma labarin ya taɓa ni. Amma ki lura, ke kin ce ba wadda ta san da layin. A NYM manyan 'yan boko ne, lauyoyi da likitoci da 'yan jarida, sun san tsarin ƙungiyarsu. Wanda ya shiga takara ya san kwamiti ne mai magana ta ƙarshe.

Maman Iklima:
In kwamiti ne mai magana ta ƙarshe, kuma ya riga ya san shugaba zai ba, me ya sa aka wahalar da mutum ɗari biyu da biyar suka zo suka jefa ƙuri'a? Da sai a ce musu tun farko kujerar shugaba ce, kowa ya zauna gida.

Malam Habu:
Hajiya ta gama mini aiki. Lauya, batun cewa masu zaɓe sun tabbatar da zaɓin kwamiti, a sake dubawa. Ikoli ya shiga da sunan ƙungiyar da ta lashe Legas shekara uku kafin nan, da jaridarta, da manyanta. Akisanya ya shiga shi kaɗai, ya kwaso 411. Kashi 44 cikin ɗari ke nan. Kuma masu fam 100 ne suka yi zaɓen, wato ajin su Ikoli. Akisanya mutumin 'yan kasuwa ne da masu motocin haya, ya yi shekaru yana jagorancin ƙungiyarsu. Yawancin waɗanda ke ƙaunarsa ba su da ƙuri'a a aljihu.

Batun cancanta kuma, a nan ne ciwon yake. Mutanen Ijebu sun daɗe suna jin cewa tsofaffin gidajen Legas, 'yan boko jikokin 'yan boko, suna yi musu kallon 'yan ƙauye masu son kuɗi. Da aka ce wanda ya ci bai dace ba, abin da kunnensu ya ji shi ne "ɗan Ijebu bai dace ba". Ko kwamitin bai nufi haka ba, haka aka ji.

Sadiya:
To Malam ai ka dawo kan maganata. In kunnensu ya ji haka, ƙabilancin yana nan tun kafin zaɓen ke nan.

Malam Habu:
Na ba ki rabin wannan. Raini tsakanin 'yan birni da 'yan Ijebu yana nan, kuma su duka Yarbawa ne. 'Yan Ibo da ke shigowa Legas neman aiki su ma suna jin ana yi musu irin wannan kallo, shi ya sa kukan Akisanya ya shige su. Amma duk da rainin, shekara bakwai suna tafiya tare. Tun 1934 da aka kafa ƙungiyar, a kan ƙorafin cewa Babbar Kwalejin Yaba za ta riƙa ba 'yan ƙasa takardar da ba ta kai digirin Ingila ba, Ikoli da Akisanya da Davies da Dokta J. C. Vaughan suna tebur ɗaya. A 1936 suka sauya suna daga ƙungiyar matasan Legas zuwa ta matasan Najeriya, suka buɗe rassa har Kano da Jos da Kaduna da Zariya, ko da yake mazauna Sabon Gari ne suka fi yawa a ciki. A 1940 ma an yi wani zaɓen cike gurbin bayan rasuwar Olayinka Alakija, mai riƙe da ɗaya daga cikin kujerun Legas ɗin, suka tsayar da Jibril Martin, lauya Musulmi, ya ci, ba a ji kan kowa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tambayata ita ce wa ya tsaga bangon, ke kuma kina nuna mini ƙadangaren.

Ɗan Agege:
Akwai abin da ba a ambata ba, kuma ni ɗan kasuwa shi na fara hangowa: cinikin jarida. Azikiwe ya dawo Najeriya a 1937 ya kafa West African Pilot, tana tashe, ana rububinta. A 1938 sai Daily Service ta zama bakin NYM, Ikoli ne edita. Masu karanta jarida a Legas nawa ne a lokacin? Masu ba da talla nawa ne? Shago biyu a layi ɗaya, kaya iri ɗaya, masu saye ƙalilan. Ni ban yarda Azikiwe ya bi Akisanya don Allah da Annabi kawai ba. Abokin gasarsa ne zai shiga majalisa, jaridarsa ta ƙara daraja.

Lauya Nura:
Yauwa. Wannan ya ƙarfafa maganata. Da Azikiwe bai zuga ba, da Akisanya ya haƙura kamar yadda ya fara yi, ƙungiya ta zauna lafiya. Jaridun biyu suka shiga yi wa juna ruwan zagi, abin da za a kashe a ɗaki ya koma bakin titi. In za a raba laifi, a ba mai zuga kasonsa.

Kawu Ilu:
A ba shi kasonsa, ban hana ba. Amma Nura ɗana, mai zuga ba ya zuga wanda ba a yi wa komai ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Zan ba ku abin da ya sa maganar nan take ci mini rai. Mahaifina ɗan NEPU ne, har ya rasu katinsa na cikin aljihun 'yar-shararsa. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. A 1951 aka yi zaɓen farko a Arewa, irin mai hawa-hawa: talakawa su zaɓi wakilai a unguwa, waɗannan su zaɓi na gaba, har a kai matakin lardi. A matakin farko NEPU ta yi rawar gani a birnin Kano. Amma tsarin ya ba En'e dama ta cusa nata mutanen, kashi goma cikin ɗari, a matakin ƙarshe. Da aka kai can, ko ɗan NEPU ɗaya bai tsallake zuwa majalisar Kaduna ba. Duk bisa doka aka yi, Nura, ba wanda ya saci akwati. Mahaifina ya ce a daren da labari ya iso, a zaurensu ba wanda ya iya cin tuwo, aka mayar da kwanuka cikin gida yadda aka kawo su. A Kano ba Ijebu ba Ijaw, duk Hausa ake ji. Amma ɗacin iri ɗaya ne da na mutum 108 ɗin can, kuma ya daɗe bai bar bakin mutane ba.

Auwal Mai Shago:
Kawu, yanzu na gane. Ashe abin da ake yi mana a mazaɓa ne, a tara daliget a kwana ana layi, gari ya waye a ce uwar jam'iyya ta aiko da wani suna. Ni na ɗauka sabon abu ne.

Maman Iklima:
Tunda ana lissafin waɗanda aka bari a waje, kada a manta da mu. A cikin 934 ɗin nan ba mace ko ɗaya, komai dukiyarta. Matan kasuwar Legas kuwa kowa ya san ƙarfinsu, da su Macaulay ya yi tashe. Matar shi wanda ya bar kujerar ma, Oyinkan Abayomi, mace ce mai ilimin Ingila, ba ta da ƙuri'a a zaɓen cike gurbin mijinta. A 1944 ta kafa jam'iyyar mata. Mu nan Arewa kuwa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka ba mace dama. Mahaifiyata tana da 'ya'ya biyar ta fara jefa ƙuri'a.

Sadiya:
Mama, wannan ban taɓa ji ba, na rubuta. Malam, to bayan watsewar fa? Malaminmu ya ja layi ɗaya tun daga 1941 har yaƙin basasa.

Malam Habu:
Layin akwai shi, amma ba miƙaƙƙe ba ne. A watan Agusta 1944 aka kafa jam'iyyar NCNC, Macaulay shugaba, Azikiwe sakatare. Kin ga Azikiwe ya koma ya haɗa kai da tsohon da NYM ta kayar da jam'iyyarsa a 1938, shi ma Bayarabe. Tare suka fito zagayen ƙasa a 1946 don adawa da tsarin Richards, a Kano ciwo ya kama Macaulay, aka mayar da shi Legas ya rasu a watan Mayu. A zaɓen 1947 Azikiwe da kansa ya ci ɗaya daga cikin kujerun Legas ɗin nan uku, kuma Yarbawa ne mafi yawan masu zaɓen. Ba a jefa wa Ibo ƙuri'a haka a garin da ƙabilanci ya gama cinyewa. Malam Sa'adu Zungur ma ya shiga NCNC har ya riƙe mata sakatare.

Inda abin ya yi muni shi ne 1948. An kafa ƙungiyar Yarbawa ta Egbe Omo Oduduwa a Landan a 1945, aka ƙaddamar da ita a Ile-Ife a 1948, a shekarar kuma ƙungiyar Ibo ta ƙasa ta zaɓi Azikiwe shugabanta. Jaridu suka yi ta hura wuta har mutane a Legas suka shiga sayen adduna suna ajiyewa. A 1951 Awolowo ya fito da jam'iyyar Action Group, kuma ragowar NYM ta narke a ciki, har da Ikoli. In malaminku ya ce 1948, ba zan yi musu sosai ba. Abin da 1941 ta yi shi ne ta rushe gida ɗaya tilo da zai iya riƙe su duka.

Lauya Nura:
A nan mun haɗu, Malam. Rushewar gidan ita ce asarar. Inda muka rabu shi ne wa ya rushe. Ni har yanzu ina ganin wanda ya sha kaye a cikin gida ya fita ya yi takara da gidan, shi ya ɗaga gatari. Da ya zauna, zaɓen gama-gari na tafe, zai iya samun tasa kujerar.

Kawu Ilu:
Kullum wanda aka danne ake ce wa ya jira na gaba.

Ɗan Agege:
Ku bari in ba ku ƙarshen Akisanya, don a nan Kudu labarin sananne ne, tsofaffin Yarbawan unguwarmu suna ba da shi. Bayan zaɓen ya koma garinsu Isara aka naɗa shi sarauta, Odemo na Isara. Da aka kafa Action Group ya shiga, ya zama na hannun daman Awolowo, mutumin da ya ƙi shi a 1941. Da rikici ya ɓarke a Jihar Yamma tsakanin Awolowo da Firimiyan jihar, Akintola, daga 1962, Awolowo yana kurkuku, sarakuna da yawa suka bi gwamnati. Akisanya ya ƙi. Gwamnatin Akintola ta mayar da albashinsa kwabo ɗaya a shekara. Shi Akintolan nan kuwa tsohon editan Daily Service ne, jaridar da ta yaƙi Akisanya a wancan zaɓe. Kwabo ɗaya, sarki guda, kuma bai sauka daga ra'ayinsa ba.

Lauya Nura:
Wannan ya ƙara masa daraja a idona, ban ɓoye ba. Amma bai canja abin da tsarin ƙungiya ya ce a 1941 ba.

Sadiya:
Na gode Malam, na gode Kawu da Mama da kowa. Ranar Litinin muna da darasinsa. Zan tambaye shi abu biyu: me ya sa ɗan Ikenne ya bar ɗan Isara ya bi ɗan Nembe, kuma me ya sa aka kira taron da aka san ba za a bi sakamakonsa ba. Yaya Ɗan Agege, don Allah in adakar nan tana nan, a ɗauko mana hoton takardun harajin, ina son ganin shekarun da ke jiki.

Ɗan Agege:
Tana nan wurin gwaggona. Ranar Juma'a bayan masallaci zan biya in karɓo mabuɗin.